Canza sitiyarin Hilux a gida: zai yiwu ko in haƙura in kai gareji?

Ɗan Bolari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan mota. Ina da Hilux ƙirar 2010, wadda ake ce wa Vigo ɗin nan, mai ƙofa huɗu, na saye ta hannu na biyu shekara uku da suka wuce kuma alhamdulillahi inji da giya ba abin da zan ce, da ita nake zuwa gona Dadin Kowa in ɗauko kaya zuwa Tudun Hatsi, wani lokacin har Bajoga nake leƙawa. Matsalata ɗaya ce, sitiyarin. Robar jikinsa ta cinye, ta sama duk ta ɓare, in rana ta buɗe wajen ƙarfe biyu sai kaji yana danƙo kamar narkakkiyar alewa, ga baƙin da yake bari a tafin hannu. Juma'ar da ta wuce da fararen kaya na fita, ban ankara ba na shafa gwiwa, da na dawo sai da uwargida ta tambaye ni ko gawayi naje saye. Na taɓa sa masa rigar nan da ake sayarwa a bakin titi, wata biyu ta saki, kana murɗawa ita tana juyawa shi yana tsaye, na cire na yar.

Toh yanzu abu biyu ne a gabana. Wani mai kayan Beljiyam ya nuna min sitiyarin Hilux mai fata, da maɓallan rediyo a jiki, yace daga babbar ƙira aka ciro shi kuma zai zauna a tawa. Ƙanena kuma ya hana ni sakat wai in sayi ƙaramin nan irin na 'yan tsere mai ƙafa uku, hotunan da ya turo min a WhatsApp sun fi goma, kuma gaskiya abin yana da kyau ba ƙarya.

Ba rowa ce tasa nake so inyi da kaina ba. Wancan karon ɗan ƙaramin aiki na kai wani gareji motar ta kwana uku, da aka ban ita an karya murfin robar da ke ƙasan sitiyari an ɗaure da waya, ba wanda yace min uffan. Kuma ni mutum ne mai son taɓa ƙarfe, janareto da injin ban ruwa duk ni nake gyara abina, ina da sifanu cikakken saiti. Abin da nake tsoro kawai jakar iskar nan ce, eyabag, ance in ka taɓa ta ba daidai ba tana iya fashe maka a fuska. Da gaske ne? Akwai wanda ya taɓa yi a gida? Kuma cikin biyun wanne kuke ganin in saya?

Baban Ummi:

Wa alaikumus salam. Malam kai dai ka nemi wani garejin in wancan bai maka ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Injin ban ruwa in ka ɗaura ba daidai ba iyaka dai ya ƙi tashi, ka zauna kayi tagumi. Sitiyari kuwa a gangaren hanyar Bajoga da buhu goma sha biyar a baya zai gaya maka kayi kuskure. Ni dai ba ruwana.

Oga Rewaya:

Baban Ummi kar ka tsorata mana bawan Allah mana.

Ɗan Bolari sannu da ƙoƙari. Ni sana'ata kenan, wayarin ɗin mota, a nan Bauchi, kuma gaskiyar magana aikin bashi da wuya, wanda ya iya kwance injin ban ruwa ya mayar zai iya. Ba ƙarfi yake so ba, natsuwa yake so. Abu biyu ne ke kunyata mutane, jakar iskan da ka faɗa da kuma wani kebul da ke bayan sitiyari wanda yawanci ba a ma san da shi ba sai an tsinka shi. Bari in bi maka yadda nake yi a kan irin motarka.

Ka samu fili mai lebur, ka ɗan gangara gaba kaɗan har ka tabbata tayoyin gaba sun miƙe sak, kaja birkin hannu ka zare makulli. Ka buɗe bonet ka ɗauki sifana 10 ka kwance kan batir na nagetif, ka naɗe shi da tsumma ka kautar da shi gefe yadda ba zai dawo ya taɓa da kansa ba. Sai ka jira. Littafin gyaran Toyota cewa yayi aƙalla daƙiƙa 90, saboda kwamfutar jakar iska tana da ɗan abin da ke riƙe wuta ko an cire batir, anyi shi ne don in hatsari ya tsinka wayar batir jakar ta samu ta buɗe duk da haka. Ni minti goma nake bata, in tafi wajen mai shayi in dawo. Yawancin labaran da kake ji na ta fashe wa wani a fuska, in ka bi diddigi za ka tarar batir na jone.

A gefen sitiyarin hagu da dama, ta baya, akwai sukuru biyu masu kan tauraro, T30 ake ce wa lambar. Ka sayi bakin da ya dace, kar ka cusa masa sukundireba mai faɗi ka cinye kan, in kan ya cinye ka shiga uku don wajen lungu ne. Basa fitowa gaba ɗaya, za kaji sun saki sun tsaya a gidansu, ka barsu a nan. Sai ka ɗago fuskar sitiyarin a hankali, wayoyin bayanta gajeru ne kar ka fizga. Duk wayar da ka gani ruwan ɗorawa ta jakar iska ce. Soket ɗinta yana da ɗan makulli a sama, ka sa ƙaramin sukundireba ka ɗaga shi tukuna sannan ka zare soket ɗin a miƙe. Ka cire ta oda ita ma.

Yanzu jakar tana hannunka. Ka ajiye ta tambarin Toyota yana kallon sama, ƙarfen yana ƙasa, a inuwa, nesa da yara. Dalili, in wani abu ya faru ta tashi a haka iska kawai zata bugo sama, amma in ka kifa ta ƙarfen ne zai yi sama da ita, ya samu kan mutum ba kyau. Kuma dan girman Allah kar ka sa mata mitar gwada wuta wai kana gwada ko tana da rai, 'yar wutar da mita ke turawa tana iya tada ita. Yarana na shago ranar farko nake gaya musu wannan.

Sai babban noti na tsakiya, 19 ne. Kafin ka taɓa shi ka sa maka kaja layi daga kan sandar zuwa jikin sitiyarin don ka san inda yake zaune. Ƙanin naka ya riƙe maka sitiyarin da hannu biyu, kar ka bar nauyin a kan lok ɗin makulli. In ya saki KAR ka cire notin gaba ɗaya, ka bar shi a kan zare uku ko huɗu. Sannan ka kama sitiyarin ƙarfe tara da ƙarfe uku kana girgizawa kana ja wajenka. Yana nan daram daram sai kawai kaji ya saki lokaci ɗaya, toh notin nan da ka bari shi zai tare shi, in babu shi haƙoranka na gaba ne zasu tare. Na san wanda har yau wushiryar da ba a haife shi da ita ba yake yawo da ita. In yaƙi fita ka aro fula, wato ƙarfen da ake zaro sitiyari da shi, wajen kanikawa, ban da guduma a kan sandar. Sandar nan an yi ta ne yadda zata lotse ta shige ciki in anyi karo don kar ta soki ƙirjin direba, kana dukanta kana lalata wannan tsarin ne.

Toh ga inda nake so ka buɗe kunne. Da ka zare sitiyarin za ka ga wani baƙin faifai na roba da wayoyi suka fito daga jikinsa, mu muna ce masa kulok sifirin. Cikinsa siririn kebul ne mai faɗi a naɗe kamar tef ɗin tela, shi ke kai wuta wa oda da jakar iska alhali sitiyari na juyawa. Juyi kusan biyar kawai yake da shi, biyu da rabi hagu biyu da rabi dama. Kana zare sitiyari ka manna masa salatif ya tsaya inda yake. In tsautsayi yasa wani yaro ya juya shi, ko kai da kanka ka rikice, ka juya shi hagu a hankali da yatsa har kaji ya fara tauri, ka tsaya, ka dawo dama juyi biyu da rabi, akwai 'yan alamu a jikinsa zasu haɗu. In ka ɗaura shi ba a tsakiya ba komai zai yi aiki lafiya lau har ranar da ka murɗe sitiyari ƙarshe za ka juya a lungu, kaji ƙas, shikenan oda ta mutu wutar eyabag ta kama a dashbod. Kebul ɗin dama can bashi da ƙwari, a 2014 Toyota da kanta ta janye miliyoyin motoci a duniya saboda shi, har da Hilux na shekarun taka.

Mayarwa kuma yadda ka kwance ne ta baya. Notin tsakiya awon ɗaurinsa 50 Nm ne a sifana mai awo, wadda take yin ƙas in ta kai, ka aro ta, kar kace za ka hau kai da ƙarfin tuwo. Batir shi ne ƙarshe, kuma lokacin da za ka murɗa makulli karon farko kar ka zauna a kujerar direba, ka miƙo hannu ta ɗaya gefen. Wutar eyabag zata kama kamar daƙiƙa shida ta mutu. In ta mutu ka gama. In ta zauna, akwai soket ɗin da bai shiga ba, ka sake cire batir ka jira ka duba.

Baba Direba:

Salamu alaikum. Yarona ne yake buga min wannan, ni idona bai ganin ƙananan rubutu.

Ɗana, abin da mai wayarin ya gaya maka ka riƙe, ni ban san jakar iska ba, zamaninmu babu. Akori-kura na ja, Fijo 504 irin wadda ake haɗawa a Kaduna, Gombe zuwa Kumo, Billiri, Kaltungo, ranar kasuwa mutane a baya, awaki a baya, buhu a baya. Babu fawa sitiyari, damtsenka ne fawa. Shi yasa ka ga sitiyarin motocin da faɗi gare shi kamar faifai, ba don ado ba ne, faɗin ne ke baka ƙarfi, kamar dai yadda sifana mai dogon hannu ta fi gajera saurin kwance noti. Toh kai yanzu motarka tana da fawa shi yasa kake ganin ƙaramin sitiyari ba komai ba ne. Ranar da bel ya tsinke ko inji ya mutu maka kana cikin tafiya da lodi, sitiyarin zai koma dutse, a ranar za ka nemi faɗin nan da ka sayar. Kuma hanyar gona ba kwalta ba ce, in taya ta faɗa rami sitiyari yana fizga, ƙarami ya fi saurin ƙwace wa a hannu. Motar kaya ce da kai ba ta zuwa zance ba.

Abu na biyu, kafin ka kashe kuɗi kan abin da hannu ke riƙewa ka duba abin da ke ƙasa. Ka tsaya tayoyi a miƙe, ka sa wani ya kalli taya, ka ɗan kaɗa sitiyarin da yatsa hagu da dama. In yayi tafiyar da ta wuce faɗin yatsa biyu taya bata motsa ba, akwai wasa, ka duba tayarod da boljoyin, wato ƙarafan da ke haɗa sitiyari da taya. Yarona yace a littafi milimita 30 aka rubuta, toh kusan yatsa biyun kenan. Motar da take zuwa Dadin Kowa da damina da wuya a rasa wasa. Sabon sitiyari a kan mataccen tayarod, an yi wa kuturu zobe kenan.

Allah ya tsare hanya.

Sarkin Gayu 07:

Baba Allah ya ƙara girma amma a bar mu mu ma mu ɗana mana 😂 Yaya Ɗan Bolari ni na sa ƙaramin nan na 'yan tsere a tawa, tsohuwar Hilux mai ƙofa biyu, kuma wlh motar ta canza gaba ɗaya, kamar ba ita ba. Na milimita 350 na saka, bai yi ƙanƙanta sosai ba, gwiwata ma ta samu wuri don ni dogo ne da ina shiga sai na karkace. Abin da ake yi, ana sayen wani ƙarfe da ake ce wa bos kit na daidai motarka, shi ke hawa kan haƙoran sandar, sai sitiyarin ya hau kansa da ƙananan noti shida. Momo da Nardi su ne manyan masu ƙera irin sitiyarin nan, na Italiya ne, amma ka lura tazarar ramukan notinsu ba ɗaya ba ce, ta Momo milimita 70 ta Nardi 74, ka tabbata bos kit ɗin yana da irin naka. Maganar wutar eyabag kuma ai da sauƙi, akwai ɗan rezisto da ake cusawa a soket ɗin wutar ta mutu, ba wanda zai sani. Minti talatin an gama.

Oga Rewaya:

Sarkin Gayu ƙanena, tsohuwar taka dama ta zo da jakar iska? In babu toh ba abin da ka rasa, ka more abinka. Amma kar ka ɗora wa mai 2010 wannan shawarar. Rezistan da kake faɗa ƙarya kawai yake wa kwamfuta, yace mata jaka tana nan alhali tana cikin kwali a ɗakin ajiya. Wutar ta mutu, eh, amma ranar da tirela ta matse ka wajen gadar Dindima ba wuta ce zata tare ƙirjinka ba. Kuma ka duba inda notin nan shida suke, daidai saitin fuska. Sannan tsakani da Allah nawa ne cikin waɗanda ke kasuwanninmu na Italiyan gaske? Sunan kawai aka buga. Wani yaro ya kawo min irinsa in jona masa oda, na dafa shi zan fito daga motar sai gashi ya lanƙwashe a hannuna kamar murfin langa. Ga wanda zai sayi motar a gaba, shi bai sani ba yana ganin yana da jaka, wannan kuma haƙƙi ne.

Ɗan Bolari, cikin biyun na Beljiyam ɗin ya fi, amma kar ka biya sai kayi abu uku. Ka je da motar, ko ka cire naka ka tafi da shi, a kifa su gefe da gefe a ga bayan iri ɗaya ne, haƙora da ramukan da kulok sifirin ke shiga da 'yan ƙafafun da ke kashe sigina in ka gama kwana. Sannan ka gwada ko jakarka ta asali zata zauna a cikinsa. In ta zauna ka huta, ka sayi zoben kawai ka mayar da jakarka wadda ka san tarihinta. In sai da tasa jakar toh nan ne nake ɗari-ɗari, don jakar gwanjo baka san inda ta kwana ba, wata ruwa ya ci motar, wata ma ta riga ta fashe aka cusa tsumma aka liƙe fuskar da gam, na buɗe irinta da hannuna. Ka tuna da rikicin Takata, kamfanin Japan ɗin nan da ya durƙushe a 2017, miliyoyin jakunkunansa aka janye don sinadarin cikinsu yana lalacewa da zafi da laima, in ta tashi sai ƙarfen ya tarwatse. Zafi kuwa ai ba sai an gaya wa ɗan Gombe ba. Ka ƙirga soket ɗin bayan jakar ma, wata ɗaya ce wata biyu, dole ya zo daidai da na motarka.

Na uku maɓallan. Kar ka ɗauka kana ɗaurawa zasu fara aiki. Ƙaramar ƙira sau da yawa kulok sifirin ɗinta layukan oda da jaka kawai yake da su, sai ka canza shi da mai layi da yawa, kuma ta yiwu babu wayar da ta tafi daga nan zuwa rediyo sai an ja. In rediyon Android ka saka abin da sauƙi, a bayansa akwai waya biyu an rubuta KEY1 da KEY2, da kuma ta as wato ta nagetif, a jona, ka shiga saitin ka danna kowane maɓalli ya haddace shi. Wannan ɓangaren in kaga ya fi ƙarfinka ka kai wa mai wayarin, ba abin kunya ba ne. Wayar ruwan ɗorawa dai ba a yanka ta ba a yi mata ƙari.

Maman Khalifa:

Ku yi haƙuri in sa baki a maganar maza. Malam, tunda kace robar ce kawai ta cinye, me zai hana a yi masa sabuwar fata? Na maigidana haka ya koma, har ya fara cigiyar wani, sai na tuna masa da wani dattijo baduku da ke ɗinka mana jakunkuna da takalma. Ya auna ya yanko fata baƙa mai laushi, ya kankare tsohuwar robar da ta tashi ya cike inda ya rame, ya shafa gam ya ja ta tam sannan ya bi ta ciki da ɗinkin hannu. Yini ɗaya yayi a kai. Ko noti ɗaya ba a kwance ba, balle ayi maganar abin da zai fashe. Shekara biyu kenan bata motsa ba, ba irin rigar bakin titi ba ce mai santsi. Abin da kawai ya gaya masa, ya riƙa sa kwalin nan mai ƙyalli a gilas in zai ajiye ta a rana, kuma kar ya shafa mata mai. Kuɗin bai kai na rabin buhun masara ba. Sai dai fa babu maɓallin rediyo, sai ka miƙa hannu kamar kowa.

Baban Ummi:

Hajiya ta gama magana. A rufe zancen kawai.

Ɗan Bolari:

Jama'a na dawo da rahoto, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Direba na fara da naka, kuma gaskiyarka, tayarod na dama ya mutu murus, har kunya naji, na canza biyun akayi alaimen, wato saita tayoyi. Hajiya wlh da na ga shawararki tun kafin in ba da kafin alƙalami da ita zan bi, amma na riga na saka rai da maɓallan nan. Sarkin Gayu kai da ƙanena sai ku haɗa ƙungiya, har yanzu fushi yake da ni.

Na Beljiyam ɗin na saya, na je da motar kamar yadda Oga yace, muka gwada jakata ta zauna ɗas, don haka zoben kawai na ɗauka, mai kayan ma ya rage min kuɗi tunda ya riƙe tasa jakar. Ranar Asabar bayan sallar asuba nayi aikin kafin rana ta fito, na kora yara gidan kakarsu. Batir na cire na jira har minti ashirin don tsoro. Lokacin da na ɗago jakar hannuna rawa yake kamar na ɗauko kwandon ƙwai, na kai ta har cikin falo na ajiye a kan darduma tambari na kallon sama, uwargida tace wannan kuma wane baƙo ne. T30 ɗin sai da na zaga shago huɗu kafin na samu. Notin tsakiya bai ba da wahala ba amma sitiyarin ya ƙi fita, na girgiza na girgiza har na haɗa gumi, har na ɗauko guduma sai na tuna na mayar, can da na ja da ƙarfi ya saki ya daki notin nan da wata irin ƙara. Oga, haƙorana suna gaishe ka.

Salatif na manna tun kafin in numfasa. Na mayar da komai, na aro sifana mai awo wajen wani abokina, na jona batir na tsaya a waje na miƙa hannu ta taga na murɗa makulli ina ta addu'a. Wutar ta kama ta mutu. Oda tana yi, sigina yana kashe kansa, na murɗe hagu ƙarshe dama ƙarshe ba ƙara. Maɓallan dai shiru kamar yadda ka faɗa, na leƙa soket ɗin kulok sifirin ɗin babu ƙarfen da zasu shiga, wannan sai ƙarshen wata.

Saura abu ɗaya. Da na hau titin Bauchi na miƙe, sai naga sitiyarin ya ɗan karkata dama kaɗan, motar tana tafiya sak bata ja ko'ina, amma tambarin bai miƙe ba. Layin da na ja da maka a jikin tsohon yake, sabon ba layi, da ido na saita. In mayar da ita wajen alaimen ne ko in sake buɗewa?

Oga Rewaya:

Tunda kafin ka canza a miƙe yake bayan alaimen, haƙori ɗaya ka tsallake, ba laifin tayarod ba ne kar ka bari a taɓa shi. Ka miƙar da tayoyi, cire batir, jira, buɗe, ka ɗaga shi ka matsar haƙori ɗaya hagu. Ka riƙe kulok sifirin da yatsa kar ya bi shi. In ka matsar kaga ya wuce ya karkata hagu kuma, toh tsakanin haƙora biyu yake, wannan ɗan ragowar shi ne na mai alaimen. Kafin ka sayi kulok sifirin mai layi da yawa ka turo min hoton lambar da ke jikin naka da hoton soket ɗin ƙasa in duba maka.